TARIHIN ƘARARRAWA A MAJAMI'UN ƘASAR KANO

A wannan biki na cika shekara 50 ya kamata mu tuna da wani ma'aikaci wanda bai taɓa karɓar albashi ba, wato ƙararrawar majami'a.

Labarin ya soma daga cikin birni. Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ya kafa Kasuwar Kurmi, fatake daga Agadas da Borno da Gwanja suna sauke kaya a cikinta. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Likita Miller na mishan ɗin C.M.S. suka iso birnin nan, amma Sarki Aliyu Babba ya sallame su cikin 'yan kwanaki, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. Ko bayan da Turawa suka ci Kano a 1903, Gwamnati ba ta yarda a gina majami'a a cikin ganuwa ba. Saboda haka 'yan Kurmi ba su san ƙarar ƙararrawar sujada a unguwarsu ba.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, masu bi daga Kudu suka zo aiki, aka zaunar da su a Sabon Gari, a can majami'u suka tashi. Daga baya bishara ta shiga ƙauyukan Maguzawa, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya fito a 1932.

A Ingila, inda waɗansu 'yan mishan suka fito, majami'ar ƙauye takan sami hasumiyar dutse mai ƙararrawa 6 ko 8, kowace da igiyarta da mai janta. Iyayenmu ba su da wannan. Abin da suka samu shi ne guntun ƙarfen hanyar jirgi, ko tsohon ƙarfen ƙafar mota. Sai su rataye shi a reshen darbejiya ko tsamiya, mai bishara ya buga da guduma. Itacen nan shi ne hasumiyarsu. Babu agogo a gidajensu. Bugun fari, a yi shiri. Bugu na biyu, a shiga sujada. Shi ke kiran matan zumunta, shi ke kiran yara ajin karatu, in an yi rasuwa kuma a hankali ake buga shi, na gona ya ajiye fartanya ya komo gida.

Littafin Fitowa sura 28 ya nuna an sa ƙananan ƙararrawa na zinariya a bakin rigar Haruna, domin a ji motsinsa sa'ad da yake hidima. Tamu ta baƙin ƙarfe ce, amma aikin ɗaya ne.

Yau lasifika da wayar hannu sun karɓi aikinta, har waɗansu ikkilisiyoyi sun sayar da nasu ƙarfen ga 'yan gwangwan. Dattawa, kada mu yi haka. Wanda ya bar gida, gida ya bar shi. Mu adana shi, mu rubuta sunayen waɗanda suka buga shi tun masu tunawa suna da rai, mu kai 'ya'yanmu ƙauye su buga da hannunsu.

Ubangiji ya albarkace ku. Amin.