INDIYAWAN SILIMA DA INDIYAWAN KANTI

Idan ka tsayar da yaro a nan Pantami ka ce ya lissafa maka Indiyawa goma, kafin ka rufe baki ya gama: Amitabh, Shah Rukh Khan, Salman Khan, da sauransu. Amma ka ce ya faɗi sunan Ba'indiye guda da ya taɓa zama a ƙasar nan, ko garin da ya fito, sai ya yi zuru. Ba yara kaɗai ba, har mu manya. Alhali mutanen nan sun haura shekara 100 suna cin kasuwa tare da mu. Tun da mu ma fatauci da neman abinci ne suka kawo iyayenmu Gombe, ina ganin tarihinsu ya cancanci mu ɗan zauna a kansa.

Na farkon zuwa 'yan kasuwa ne, kuma akasarinsu 'yan ƙabilar Sindi ne, mabiya addinin Hindu, daga birnin Haidarabad na lardin Sind. Sunan da ya fi fice shi ne Chellaram, wanda ya kafa harkarsa a Legas a 1923 yana sayar da yadi, daga baya kantunansa suka iso Arewa. Akwai kuma gidan Chanrai. Daga wannan gida ne kamfanin Olam ya fito a 1989, ya fara da fitar da kashu daga Najeriya, yau ga shi hedkwatarsa na Singafo, kuma duk mai harkar riɗi a ƙasar nan ya san sunan.

To, ga abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. A 1947 Turawan Ingila suka raba ƙasar Indiya biyu, lardin Sind kacokan ya faɗa cikin Pakistan. Da yawa daga Hindun da ke can suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka tsallaka, suka bar gidaje da kantuna da gonaki. Wato Ba'indiyen da ke auna wa iyayenmu yadi, mutum ne da garinsu ya zama wata ƙasa yana nan bakin kanti. Mu in an yi Sallah ko rasuwa, mukan hau mota mu nufi Kano ko Katsina ko Haɗeja, mu tarar da gidan kakanni yana nan. Shi ba shi da wannan gata. Shi ya sa suka riƙe juna tamau: aure a tsakaninsu, ɗakin bauta a cikin gida, bikin Diwali na kunna fitilu, da makarantarsu ta Ilupeju a Legas. Mukan ce ba sa shiga mutane. Gaskiya ne, amma wanda ya rasa gida sau ɗaya ba ya sakin ɗan abin da ya rage masa.

Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, zamanin Janar Gowon, da wadda ta biyo baya a 1977, su suka fitar da baƙi daga sayar da kayan ɗai-ɗai. Sai da yawansu suka koma masana'antu, masaƙa da roba da magunguna. Tun daga nan muka rage ganinsu ido da ido, sai dai kayansu.

Rukuni na biyu ma'aikata ne. Da aka buɗe makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna a 1964, shugabanta na farko Ba'indiye ne, Birgediya M.R. Varma. Daga 1979 zuwa 1982 wani kamfanin gwamnatin Indiya mai suna RITES ya riƙe hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya, kuma tsofaffin ma'aikatan reluwe a Gombe, inda dogo ya iso tun farkon shekarun 1960, har yau sukan yaba wa wancan lokaci. Sai malaman lissafi da kimiyya da suka cika makarantun sakandaren Arewa a shekarun 1970 da 1980. Mu 'yan Islamiyya ba su koyar da mu ba, amma yayyenmu da suka yi boko sun sha kwaikwayon yadda suke kaɗa kai. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, sai suka yi ta haɗa kaya suna tafiya.

Yanzu mu zo ga silima, inda zancen yake. Abin mamaki, ba Indiyawan ne suka kawo mana finafinan ƙasarsu ba. Kwarori ne, wato mutanen Labanon masu gidajen silima, suka fara shigo da su a shekarun 1950, don sun fi na Amurka araha. Kano ta sami silimar Rex tun 1937, sannan Palace a cikin birni, kusa da kasuwar Kurmi, a farkon shekarun 1950, wadda malamai suka yi tir da ita matuƙa. Duk da haka kasuwar ta buɗe. Fim ɗin Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba. Dalili a fili yake: labarin matar manomi ce da mai ba da bashi da ruwa ya cinye musu gona, ta yi noma da hannunta ta raini 'ya'ya, a ƙarshe ta harbe ɗanta don ya taɓa mutuncin 'yar mutane. Wane Bahaushe ne bai san bashin da ake biya da kaka ba? Ga kunya, ga biyayyar iyaye, ga auren dole, ga mayafi da rawani. Mu kuma da muka ɗan taɓa Larabci, kunnenmu yakan tsinci duniya, da kitab, da adalat, da sabar, mu ji kamar 'yan'uwa ne ke magana. Da yawa cikin taurarin ma Musulmi ne: Dilip Kumar sunansa na yanka Yusuf Khan, Nargis kuwa Fatima. Har laƙabi muka ba su, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Sai dai kash, wannan Indiya ba ita ce ta baƙinmu ba. Finafinan na Bambai ne, da harshen Hindi mai gauraye da Urdu. Mai kanti harshensa Sindi. Malamai da yawa daga kudancin ƙasar suke, irin su jihar Kerala, cikinsu har da Kirista, kuma Hindi ba harshen uwarsu ba ne. Ɗalibi ya haddace gaisuwar fim ya jefa wa malam, malam ya yi murmushin ƙarfin hali, kamar a gaida Batangale da Yarbanci don duk 'yan Najeriya ne. Basinde kuwa, idan ma ya fito a fim ɗin Bambai, sau da yawa a matsayin ɗan kasuwa marowaci abin dariya ake nuna shi. Ka ga ke nan ko a gida ba a yi masa adalci ba, balle a nan.

Mu dai mun ɗauki abin da ya yi mana. Masu bandiri a Kano, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka ɗora yabon Annabi (SAW) a kan karin waƙoƙin finafinan, wasu malamai na so wasu na ƙi. Aka yi Turmin Danya a 1990, aka yi Sangaya a 1999, rawa da waƙa suka zauna daram a fim ɗin Hausa, har hukumar tace finafinai ta Kano da aka kafa a 2001 ta yi ta fama da su. Daga baya masu fassara irin su Algaita suka sa wa Indiyawan Hausa a baki. Yau ɗan acaɓa na kan babur Bajaj ƙirar Indiya, wayarsa cike da Indiya-Hausa, bai taɓa yin magana da Ba'indiye ba.

Lokacin da Firayim Minista Modi ya zo Abuja a watan Nuwamba na 2024, an ƙiyasta Indiyawan Najeriya da kusan 60,000. Amma sun daɗe ba su ba da labarin kansu a majigi ba. Wanda ya fi yin suna shi ne Namaste Wahala, na Hamisha Daryani Ahuja wadda ta tashi a Legas, da ya fito a Netflix a 2021, labarin saurayi Ba'indiye da budurwa 'yar Najeriya da iyaye suka ƙi. Fim ne na masu hali, da Turanci, kuma a ganina ya fi kama da abin da Bambai ta saba yi, ba ka jin ƙanshin kanti ko alli a cikinsa. A shirinta na gaba, Postcards na 2024, ta sa Rahama Sadau, 'yar Kaduna, wadda ta koyi Hindi daga kallon finafinan nan, kuma ta riga ta fito a wani fim ɗin Indiya, Khuda Haafiz kashi na biyu, a 2022. Malamin lissafin nan da ya shekara goma a Bauchi ko Kaltungo, da matarsa da ta koyi cinikin tumatir da Hausa, su nake so in gani a fim, kuma 'yan Kannywood sun fi kowa kusa da waɗanda suka zauna ajinsa.