Daga Mai Magani Zuwa Mayya: Labarin Sikotilan da Namu



Ina yaro a Wara, akwai wata tsohuwa a unguwarmu mai ba da maganin yara. An ce iskokin ruwa ne ke nuna mata saiwa. Kowa na zuwa wajenta. Ran da zazzaɓi ya kwantar da wata yarinya, ta yi sambatu da sunanta, bakin da ke cewa "Inna" shi ne ya koma cewa "mayya". Aka ce ta kama kurwa, dole ta tsallake yarinyar. Ban manta da fuskarta ba har yau.

Da na je jami'a sai na ga ashe ba mu muka fara ba. A 1563 Sikotilan ta kafa dokar kisa kan maita. Kafin a soke ta a 1736, an tuhumi mutum kusan 4,000, fiye da kashi 80 cikin ɗari mata ne. Mutanen can sun yarda da wasu halittun ɓoye masu zama cikin tuddai, kusan yadda muke batun aljanu. To a 1576 aka gurfanar da wata mai magani, Bessie Dunlop, a Edinbara. Ta ce wani Thom Reid, wanda ya mutu a yaƙin Pinkie a 1547, shi ke zuwa mata daga wajen waɗannan halittu, yana koya mata magani da gano kayan da suka ɓata. Alƙalai suka fassara wannan da hulɗa da Shaiɗan, aka yanke mata hukuncin kisa. Sarkinsu ma, James na Shida, sai da ya rubuta littafi kan mayu a 1597.

Kun ga kamar? Muddin magani na ci, mai iskoki ce. Da zarar an yi rashi, mayya ce. Kuma yatsa ba ya nuna mai dangi da kuɗi, sai tsohuwa marar gata.

Kada ku ce ai wannan tarihi ne. A 2025 babbar kotun Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa mai shekara 67 a Wudil. Tushen zargin kuwa mafarki ne. Ga shi tun 1960 dokar laifuka ta Arewa ta mai da jifan mutum da maita laifi.

Sai a 2022 shugabar gwamnatin Sikotilan, Nicola Sturgeon, ta nemi afuwa a hukumance, bayan waɗanda aka zalunta sun shekara ɗaruruwa a ƙasa. Mu fa, sai yaushe?

'Yan uwana matasa, mu ake turawa gaba da sanduna. In yaro ya fara sambatu, asibiti za a nufa a gwada jininsa, ba ƙofar tsohuwa ba. Allah Ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin bayinsa. Sai mun haɗu a shiri na gaba.