Kalmar "Bauci": Asalinta da Sauye-sauyen Ma'anarta

A yau idan Bahaushe mazaunin Zangon Agege a Legas ya ce shi ɗan Bauci ne, jihar da aka ƙirƙiro a 1976 yake nufi, ko kuwa babban birninta. Amma kalmar ta girmi jihar, kuma akwai dalilan da ke nuna cewa ta girmi birnin da Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa a 1809.

Ra'ayi biyu ne suka shahara game da asalinta. Na farko, wanda mutanen garin suka fi riƙo da shi, cewa yake an samo sunan daga wani maharbi mai suna Baushe, wanda Yakubu ya tarar a wurin. Na biyu yana danganta ta da "bawa" da "bauta", wato ƙasar duwatsu da ke kudu da ƙasar Hausa, inda ake kai hari don kamo bayi.

Ta fuskar nazarin sauti, ra'ayi na biyu ya fi ƙarfi. A Hausa ganɗantawa takan mayar da /t/ zuwa /c/ a gaban wasalin /i/ ko /e/, kamar mota da motoci, sata da sace. Ita kuwa /sh/ daga /s/ take fitowa, kamar kasa da kashi. Saboda haka hanyar da ta taso daga "bauta" zuwa "bauci" a buɗe take, alhali babu wata ƙa'ida da ke mayar da "Baushe" ta zama "Bauci". Ba abin mamaki ba ne labarin maharbin ya fi karɓuwa, domin babu al'ummar da ke son a jingina sunanta ga bauta, balle suna ne da baƙi suka laƙaba.

Tarihi ma ya goyi bayan cewa sunan yanki ne kafin ya zama na gari. Mahadi Adamu, a littafinsa na 1978 kan tasirin Hausawa a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa "ƙasashen Bauci" sun ƙunshi yanki mai faɗi a kudancin ƙasar Hausa. Turawa sun gaji wannan ma'ana: tsaunukan Jos sun daɗe ana kiransu da sunan Bauci, kuma sai a 1926 aka yi Lardin Filato. Ƙaramin layin dogon da aka shimfiɗa daga Zariya zuwa Bukuru don jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957, sunan Bauci yake ɗauke da shi, ga shi kuwa bai taɓa isa birnin Yakubu ba.