Shari'ar Irmiya da tarihin kalmomin tuba a gargaɗin annabawan Isra'ila

0. Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali daga wata tambaya da ta taso a darasin nazarin ma'anar kalmomi. Wani ɗalibi da ke karanta fassarar Baibul ta faransanci ta Louis Segond, wadda aka kammala a 1880 aka kuma gyara a 1910, ya tarar an jingina aikatau « se repentir » ga Allah kansa a cikin labarin Annabi Yunusa. Ya tambaya ko kuskuren mai fassara ne. Ba kuskure ba ne, amma amsar tana buƙatar a koma ga ibrananci da kuma tarihin masarautun Isra'ila da Yahuza. Mu ba malaman addini ba ne. Abin da ke gabanmu shi ne kalmomi da zamanin da aka faɗe su. Abin da muke son nunawa shi ne, a wajen waɗannan annabawa, gargaɗin hukunci magana ce da ake faɗa domin kada ta tabbata, kuma wannan fahimta tana da tarihi. Shekarun sassa na 2 da na 3 duk na kafin haihuwar Annabi Isa ne (K.H.).

1. Aikatau uku

Na farko shi ne « shub ». Asalin ma'anarsa motsi ne: juyowa, komowa. Ya zo sama da sau 1000 a cikin nassin ibrananci, kuma mafi yawansu ba su shafi addini ba: matafiyi ya komo gida, ruwa ya janye. William Holladay ya keɓe masa littafi guda a 1958. Irmiya ne ya fi kowa amfani da shi, har yana wasa da shi, domin saiwar ɗaya ce ke ba da ma'anar juya baya ga Allah da ta komowa gare shi. Ƴar kalmar da ke biye da aikatau, « daga » ko « zuwa », ita ke nuna alƙibla. Sunan nan « teshuba » da ma'anar tuba bai zo a bakin annabawa ba. Malaman Yahudawa na baya ne suka kafa shi. Ke nan a wajen annabawa tuba aiki ce da ake gani. Amos ya ɗaure ta da gyaran ma'auni a kasuwa da adalci a ƙofar gari, inda ake shari'a.

Na biyu shi ne « niham », kuma shi ne ya dami ɗalibinmu. A cikin gargaɗi, galibi Allah ne mai aikata shi: ya janye masifar da ya ambata. Na uku, « salah », gafartawa, a duk nassin ba a jingina shi ga kowa ba sai Allah.

2. Shari'ar shekarar 609

A 609 Fir'auna Neko ya kashe Yosiya sarkin Yahuza a Megiddo, bayan wata uku kuma ya tuɓe magajinsa ya naɗa Yehoyakim. A farkon wannan sarauta, inji sura ta 26 ta littafin Irmiya, annabin ya tsaya a farfajiyar Haikalin Urushalima ya ce in ba a saurara ba, Haikalin zai zama kamar Shilo, tsohon wurin ibada da ya riga ya zama kufai. Firistoci da annabawan Haikali suka kama shi, suka nemi a kashe shi. Fadawa suka fito daga gidan sarki suka zauna a Sabuwar Ƙofa, aka buɗe shari'a.

Masu ƙara sun ɗauki rabin maganar: ya ce birni zai rushe. Irmiya ya maido da ɗaya rabin: su gyara hanyarsu, Allah ya janye. Amma abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hujjar wasu dattawan ƙasa. Sun tuna cewa kimanin shekara 100 kafin nan, zamanin Hezekiya, Mika mutumin Moreshet ya ce za a nome Sihiyona kamar gona. Sarki bai kashe shi ba, ya ji tsoron Allah ya roƙi rahama, Allah kuma ya janye, da aikatau « niham ».

A nan mai nazarin harshe ya kamata ya tsaya. Maganar Mika tana nan a ƙarshen sura ta 3 ta littafinsa, kuma babu « in » a cikinta, babu wani sharaɗi. Jimla ce ta yanke hukunci tsaf. Dattawan ne suka ji sharaɗin da ba a furta ba. Bahaushe ya san irin wannan: uban da ya ce wa ɗa « yau sai na karya ka » ba labarin abin da zai faru yake bayarwa ba, so yake yaron ya bari. Siffar jimla daban, aikin da take yi daban. A kan wannan bambanci ran mutum ya rataya ran nan, kuma an sallami Irmiya, tare da kariyar wani babba, Ahikam ɗan Shafan.

Tarihi yana da abin cewa game da misalin dattawan. A 701 Sennakerib sarkin Assuriya ya ci Lakish, kuma rubutunsa na fada ya ce ya kama birane masu ganuwa 46 na Yahuza. Urushalima ba ta faɗi ba. Rubutun Assuriya da littafin Sarakuna na biyu sun yi daidai a kan cewa Hezekiya ya biya talanti 30 na zinariya; a kan azurfa sun saɓa, 800 a can, 300 a nan. Marubucin Assuriya ya ga gandu, dattawan Yahuza sun ga tuba. Abu ɗaya ne ya faru, kowa da karatunsa.

Kada kuma a ɗauka wannan karatu ya samu karɓuwa ga kowa. Surar nan dai ta ba da labarin Uriya ɗan Shemaya, wanda ya yi irin gargaɗin Irmiya, ya gudu Masar, sarki ya aika aka kamo shi, aka sare shi da takobi, aka jefa gawarsa a maƙabartar talakawa. Bayan ƴan shekaru, a cewar sura ta 36, aka karanta wa Yehoyakim naɗaɗɗen littafin Irmiya lokacin sanyi, yana zaune gaban kaskon wuta. Ana karanta shafi uku ko huɗu sai ya yanke da wuƙa ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare.

3. « Watakila »

Da za a tsaya nan, sai a ce tuba ciniki ce: ka komo, a janye. Nassin bai yarda da haka ba. A surorin nan biyu, 26 da 36, an gabatar da manufar gargaɗin da kalmar « ulay », wato watakila. Amos ma da ita ya yi amfani, Yowel da sarkin Nineba kuma suka ce « wa ya sani ». Ƙofa a buɗe take, amma ba wanda ya riƙe makullinta.

Misalin da ya fi tsanani shi ne na Yosiya. Littafin Sarakuna na biyu, sura ta 23, ya yaba masa bisa gyaran addini na 622, ya ce ba sarkin da ya komo ga Allah kamarsa, da aikatau « shub ». Aya mai bi mata ta ɗauki aikatau ɗin nan ta kore shi: Allah bai juyo daga fushinsa ba, sabili da laifin Manassa, kakan Yosiya. Sarki ya juyo, Allah bai juyo ba. Muna ganin marubucin ya rubuta haka ne yana kallon kufai, domin a 597 Nebukadnezzar ya kwashi rukunin farko zuwa Babila, a 587 ko 586 kuma ya ƙone birnin da Haikalin.

Bayan rushewar sai tsarin maganar ya sake. Ezekiyel, yana cikin waɗanda aka kwasa, ya ƙi karin maganar da ke ɗora wa ƴaƴa alhakin iyaye; a sura ta 18 ya ce kowa da nasa, mugu in ya juyo zai rayu. Wasu nassoshin sun wuce nan. A Irmiya 31 da ƙarshen Makoki, « shub » ya zo a siffar sa wani aiki: mutum ne ke roƙon Allah ya komo da shi, sannan ya iya komowa. A Ishaya 44 an share laifi tukuna, kiran komowa ya biyo baya. Littafin Tarihi, wanda aka rubuta zamanin Farisawa, ya ma ba Manassa labarin tuba da babu shi sam a cikin Sarakuna.

4. Matsalar Yunusa

Akwai wata ƙa'ida a Maimaitawar Shari'a, sura ta 18: annabin da maganarsa ba ta tabbata ba, ba Allah ya aiko shi ba. In an haɗa ta da hujjar dattawan 609, sai a shiga tsaka mai wuya, domin annabin da aka saurara shi ne zai fito kamar maƙaryaci. Littafin Yunusa, wanda Kiristocin Hausa ke kira Yunana, a kan wannan yake. Ya ba Nineba kwana 40 ba tare da sharaɗi ba, mutanen suka juyo, Allah ya janye, annabin ya husata. Mafi yawan masana suna ganin an rubuta littafin bayan komowa daga Babila, wato masu karatunsa na farko sun san Nineba ta rushe tun 612. Littafin Nahum kuwa murnar wannan rushewa yake yi, alhali sunan Nahum daga saiwar « niham » ya fito.

Malaman Yahudawa sun warware kullin da raba annabci gida biyu. Musa bin Maimun, a littafinsa na shari'a da ya kammala a Masar wajen 1180 miladiyya, ya ce rashin aukuwar masifar da aka ambata ba ya ƙaryata annabi, domin mai yiwuwa an tuba, ya kuma kawo Nineba misali. Alherin da aka yi alkawali ne dole ya tabbata. Har yau ana karanta littafin Yunusa da maraicen Yom Kippur. Alƙur'ani ma, a surar Yunus, ya keɓe mutanensa a matsayin alƙaryar da imaninta ya amfane ta aka yaye mata azaba.

5. Daga ibrananci zuwa hausa

Masu fassara sun sha wuya da « niham ». Fassarar girkanci da aka fara a Iskandariya a ƙarni na 3 K.H. ta fi ba « shub » aikatau na juyawa, ta bar « metanoeo », sake tunani, ga « niham ». Abin mamaki, kalmar da Linjila ta mayar ta tubar mutum, a waccan fassara sau da dama ta Allah ce. Jerom, wajen shekarar 400 miladiyya, bai tsaya kan hanya ɗaya ba: a Irmiya 18, misalin maginin tukwane, ya bar « paenitentia », a Yunusa kuma ya kauce ya sa aikatau na jin ƙai. Segond ya bi ta farko. Shi kansa nassin ibrananci ya san nauyin kalmar: a Sama'ila na fari, sura ta 15, an jingina ta ga Allah sau biyu game da naɗin Saul, a tsakani kuma an ce Allah ba mutum ba ne da zai yi haka.

Kalmarmu « tuba » ƴar dangin « shub » ce. Inda ibrananci ke da « sh », sau da dama aramanci na da « t », larabci kuma « th »: « shalosh », « telat », « thalatha », wato uku. Haka « shub » ya yi daidai da « tub » na aramanci da « thaba » na larabci, komowa. Shi ya sa masana irin su Arthur Jeffery, a 1938, suka ga cewa « taba » mai ma'anar tuba daga aramanci larabci ya aro ta. Larabci ya riƙe abin da muka gani a sama: aikatau ɗaya ne ga bawa da Ubangiji, « ila » in bawa ne ya komo, « ala » in Allah ne ya juyo masa da rahama, kuma at-Tawwab na cikin sunayensa. A surar Tauba, game da mutum uku da aka jinkirta lamarinsu, juyowar Allah ce ta riga tasu.

Hausa ta ari kalmar ta rage mata abu biyu. Motsin ya ɓace: ba mai cewa wane ya tuba gida. Sannan ta zama ta na ƙasa kaɗai, ta yaron da ke cewa « na tuba, na bi Allah na bi ka », da ta tubabbe da ya bar wata hanya. Allah karɓar tuba yake yi. Duk mai fassara zuwa hausa, tun daga cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932, dole ya nemi wata kalma ga « niham ». « Nadama » da « da-na-sani » ba su dace ba, domin suna nuna kuskure da rashin sanin abin da zai biyo. Mu mun fi karkata ga « fasa ». Wanda ya fasa tafiya yana da niyya, yana da iko, kuma ba laifi ya yi ba. Sai dai « fasa » busasshiyar kalma ce, ana fasa abu ko don ƙiwa, alhali saiwar « niham » ita ce ta ta'aziyya da lallashi a farkon Ishaya 40. A Yunusa 3 za mu sa aikatau biyu a jere, « ya ji tausayi ya fasa ». A Sama'ila na fari 15, inda Saul ya riga ya hau gado, « fasa » ba ta shiga, sai a koma ga ɓacin rai.