Kafin a Buga Takardar Kora

Ana saura kaɗan in yi ritaya, wata yarinya da aka turo ofishin rajistara ta ce da ni, "Baba, malami ya yi wata biyu bai leƙa aji ba, me ake jira da ba a sallame shi ba?" Tambayar ta tsaya mini a rai, don yawancin sababbin ma'aikatanmu haka suke tunani.

Mu a kwalejin ilimi, a hannun waɗanda suka ga 1975 muka koyi aikin nan. A shekarar ce gwamnatin Murtala ta raba ma'aikata fiye da 10,000 da aikinsu, wasu ma a rediyo suka ji sunansu. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana ƙaramin akawu a lokacin, kuma abin bai taɓa barin zuciyarsa ba. Shi ya sa da ya zama babba, takardar kora ba ta fita daga teburinsa sai an ba mutum takardar tuhuma, ya amsa a rubuce, ya tsaya gaban kwamitin ladabtarwa ya kare kansa. Ko da soja suka kafa doka ta 17 a 1984, wadda ta hana kotu sauraron ƙarar wanda aka sallama a ƙarƙashinta, bai sassauta ba.

Abin da ya ɓace yau shi ne zaman da yake yi kafin kwamiti. Ya rufe ƙofa, ya buɗe fayil a gaban mai laifi, ya nuna masa inda maganar za ta ƙare. In babu mafita sai ya ce, "Malam, rubuta takardar ajiye aiki da hannunka, ka tafi da mutuncinka." A wancan lokacin korarre yana rasa garatuti da fansho, wanda ya ajiye kuwa, in shekarunsa sun kai, yana tafiya da haƙƙinsa. Ɓarawo da mai lalata da ɗalibai kam ba sa samun wannan alfarma. Malamin da zai tafi don kansa kuma sai ya ba da sanarwar wata uku, ya miƙa sakamakon jarrabawa, ya zagaya da takardar wanke kai daga laburare zuwa ofishin kuɗi, har mai kula da gidajen ma'aikata ya sa hannu. Na ga wanda littafi ɗaya tak ya riƙe.

Tsarin fanshon adashi na 2004 ya canza lissafin, tunda kuɗin yana asusun ma'aikaci. Amma ƙa'idar sauraro tana nan daram. Jami'ar Ilorin ta kori malamai 49 a 2001, Kotun Ƙoli ta mayar da su a 2009 tare da albashin duk shekarun. Duk da haka yanzu sai ka ga an tura wa mutum takardar sallama ta WhatsApp, babu tuhuma, babu zama, bayan shekara kwaleji tana gaban kotun ma'aikata tana neman fayil ɗin da ba a taɓa buɗewa ba.