Yaren Mafarautan Barewa a Ingila da Amurka: Wa Ke Da Naman Daji?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ta yi wa ƙaranci, da kuma masu son karatu fiye da saurare.

Yau farauta za mu, amma kunne kawai za mu ɗauka. Za mu saurari yadda mafarautan barewa na Ingila da Amurka ke magana a junansu, mu bi sawun kalmominsu har inda suka fito. Ku lura da abu guda yayin da muke tafiya: duk lokacin da ikon barewa ya bar hannun wani ya koma hannun wani, sai yaren mafarauta ya sauya. Da fari ta sarki ce, ta koma ta ɗan kasuwa, yau kuma tana hannun doka.

Kafin mu shiga daji, a gyara wani abu. Dabbar da Bature ke kira "deer" muna fassara ta da barewa ne don rashin wata kalma, amma ba irin ta dajinmu ba ce. Ƙahon barewarmu, da na gada da gwanki, shi ke nan har mutuwa, kuma ba ya rassa. Nasu ƙashi ne zalla mai rassa kamar itace, yana faɗuwa duk shekara sabo ya tsiro, kuma a yawancin jinsin namiji ne kaɗai ke da shi. Ku riƙe wannan, don rabin yaren nan a kan ƙahon ya rataya. Ita kanta kalmar "deer", a tsohon Turanci kowace dabba take nufi. Har gobe Bajamushe "Tier" yake ce wa dabba. Saboda girman da farautar barewa ta samu ne sunan dukkan dabbobi ya tattare a kanta ita kaɗai.

To, mu fara da zamanin sarki. A 1066 Wiliyam na Normandi ya tsallako daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Mutum ne mai tsananin son farauta, sai ya keɓe manyan yankuna ya ce nasa ne, ciki har da New Forest wajen 1079. A lokacin, kalmar "forest" sunan shari'a ne: ƙasar da dokar farautar sarki ke aiki a cikinta, ko da akwai ƙauyuka da gonaki a ciki. Barewa na iya cin amfanin gonarka, ba ka da ikon ɗaga mata baka. Marubutan tarihin wancan zamani sun ce wanda ya kashe barewar sarki, idanunsa ake makantarwa. Kuma a cikin wannan dajin ne kibiya ta kashe ɗansa, Sarki Wiliyam na Biyu, a wajen farauta a 1100. Sai a 1217 aka fitar da takardar yarjejeniyar daji, wadda ta hana a kashe mutum ko a yanke masa gaɓa saboda naman barewa.

Masu mulkin nan Faransanci suke yi, shi ya sa kalmomin farauta suka zo da Faransanci a bakinsu. "Venison", wato naman barewa, asalinta naman duk abin da aka farauto. Sannan aka shiga rubuta littattafai. Gaston Fébus ya fara nasa littafin farautar a 1387, Edward mai sarautar York ya juya shi zuwa Turanci a farkon ƙarni na 15, sannan a 1486 aka buga littafin St Albans mai cike da jerin sunaye.

Ku ji irin jerin. Namijin jar barewa, kowace shekara da sunansa: shekarar farko "calf", ta biyu "brocket", ta uku "spayad", ta huɗu "staggard", ta biyar "stag", sai a ta shida yake cin sunan "hart". In ƙahonsa ya kai rassa goma, shi ne ya isa sarki ya bi shi. Har kashin barewa yana da nasa suna, "fewmets". Da sassafe mai bin sawu zai ɗebo shi ya kawo gaban mai gida ana tsakiyar karin kumallo, a duba kauri da siffa, a yanke shawarar wadda za a bi. Kun ji fa!

Me ya kawo wannan wahala? Ai shinge ne. Wanda ya kira "stag" da sunan "hart" ya tona wa kansa asiri cewa ba ɗan gidan sarauta ba ne. Tun kafin a tambayi asalinka, bakinka ya riga ya ba da amsa.

Hatta rabon nama ya bar sawu a Turancin yau. In an feɗe barewa, ana zuba wa karnuka rabonsu a kan fatar, abin da Bafaranshe ke kira "cuirée". Daga nan "quarry" ta fito, wato abin da ake farauta. Kayan ciki kuwa, hanta da zuciya da sauransu, sunansu "umbles", kuma a hankali aka ɗauke su abincin ƙananan mutane. Da yake kalmar ta yi kama da "humble", mai nufin ƙasƙantar da kai, sai aka samu karin magana: in an ce Bature ya ci "humble pie", to ya sauke girman kai ya ba da haƙuri ke nan. Kuma kada ku ɗauka zafin dokar ya tafi da wuri. A 1723 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ake kira Black Act: wanda aka kama a gandun barewa da makami, ya shafa baƙi a fuska don kada a gane shi, hukuncinsa rataya.

Yanzu mu tsallaka teku. Talakan da ya bar Ingila ya sauka Amurka ya tarar da daji cike da barewa mai farin bindi, babu sarkin da zai ce tasa ce. Nan take dogon jerin sunayen fada ya zube. Aka rage "buck" ga namiji, "doe" ga mace, "fawn" ga ɗa. Wa ke da lokacin ƙirga shekaru alhali fata ake nema?

Fata kuwa ita ce kuɗin wancan zamani. A ƙarni na 18, tashar jiragen ruwa ta Charleston tana fitar da dubun dubatar fatun barewa zuwa Ingila duk shekara, yawanci daga hannun ƙabilun asali irin su Cherokee da Creek, ana musanya musu da bindiga, tufafi da barasa. Inda tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, da fata ake faɗin farashi, kamar yadda kakanninmu suka yi da wuri. A 1748 wani tafinta mai suna Conrad Weiser ya rubuta a kundin tafiyarsa zuwa yankin Ohio cewa ana sayar da gangar wiski a kan "buck" biyar, ma'ana fatu biyar. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19, kalmar ta koma kan dala. Saboda haka duk ran da kuka ji ɗan fim ɗin Amurka ya ce a ba shi "ten bucks", ku tuna da fatar barewa.

Amma abin da ba shi da mai shi, ba shi da mai tsaronsa. 'Yan farautar kasuwa suka yi ta kisa ba dare ba rana, jirgin ƙasa na kwasar nama zuwa birane. A zamanin ne kalmar "jacklighting" ta yi tashe: a haska wa barewa fitila da dare, idonta ya ɗauki haske ta daskare, a harbe ta. Mafarautanmu masu ɗaura fitila a goshi sun san wannan dabara sarai. Wajen 1900, kiyasi ya nuna barewa mai farin bindi da ta rage a Amurka ba ta wuce rabin miliyan ba. A wasu jihohin, ganin sawunta ma labari ne.

Nan aka tuna cewa don tuwon gobe ake wanke tukunya. A 1887 Theodore Roosevelt, tun kafin ya zama shugaban ƙasa, shi da abokansa suka kafa ƙungiyar Boone and Crockett, suka yaɗa kalmar "fair chase", wato a bi dabba ta hanyar da take da damar tsira. A 1900 dokar Lacey ta hana safarar naman da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. A 1907 jihar Pennsylvania ta hana harbin mata. A 1937 dokar Pittman-Robertson ta ware harajin bindiga da harsashi don kula da namun daji. Barewa ta zama dukiyar jama'a, hukuma ke riƙe da ita amana.

Sai yare ya sake juyawa, ya koma na takarda da lasisi. Kowane mafarauci yana sayen "tag", ɗan kati da ake ɗaura wa dabbar da aka kashe. Wanda lokacin farauta ya ƙare bai samu komai ba, abokai sai su ce ya sha "tag soup", wato ya dafa katin ya sha romonsa. Da yake doka ta dogara da ƙaho, sai aka samu sababbin sunaye: "spike" ga mai tsinke biyu, "forkhorn" ga mai ƙaho kamar gwafa, "button buck" ga ƙaramin da ƙahonsa bai huda fata ba, "slickhead" ga mace, wato mai sulɓin kai. Har kalmar kisa aka sauya. Masani Aldo Leopold, a littafinsa na 1933, ya kwatanta namun daji da amfanin gona da ƙasa ke bayarwa duk shekara. Yau takardun hukuma "harvest" suke cewa, wato girbi. Wasu mafarautan na ganin ladabi ne, wasu na ganin ɓoye jini ne a bayan kalma mai laushi, kuma har yanzu ba su daidaita ba.

To, ina 'yan baka? Labarinsu ya faro daga baƙin ciki. A 1911 wani mutum ya fito daga daji kusa da garin Oroville a Kaliforniya, a rame, shi kaɗai ya rage a ƙabilar Yahi bayan an karkashe mutanensa. Aka sa masa suna Ishi. Likitan da ke duba shi, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da sanɗar dabba a wurinsa. Tarin fuka ya kashe Ishi a 1916. Pope da abokinsa Art Young suka ci gaba, har Pope ya wallafa littafi kan farauta da kwari da baka a 1923. A 1934 jihar Wisconsin ta zama ta farko da ta ware wa 'yan baka lokacinsu na daban.

Su ma da nasu bakin. "Jumping the string" shi ne barewa ta ji ƙarar tsirkiya ta duƙa kafin kibiya ta iso. Lissafin a fili yake: sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, kibiyar bakan zamani kuwa wajen mita 90. Ƙara ke riga kibiya isa, barewa ta durƙusa don ta zabura, kibiya ta wuce ta saman bayanta. In kibiya ta tsaga 'yar'uwarta da ke kafe a wurin gwaji, sunan abin "Robin Hood", sunan gwanin baka na tatsuniyar Ingila, wanda aka sani da satar barewar sarki. Da Holless Wilbur Allen ya samu rajistar bakansa mai gargare a 1969, 'yan gargajiya suka yi masa ba'a da "training wheels", ƙananan tayoyin da ake sa wa keken yaro mai koyo. Shingen nan na fada ya dawo ke nan da sabuwar riga.

Akwai kuma kalmomin da mafarauci ke yi wa kansa dariya da su. "Buck fever" ita ce rawar jikin da ke kama mutum in babban namiji ya bayyana: zuciya na dukan uku-uku, hannu ya ƙi tsayawa. "Ground shrinkage" kuwa, ƙahon da ka hango kamar reshen kuka, da ka iso kan gawar sai ka ga ya tsuke.

Dariyar nan tana nuni da inda aka kwana. Yau da tef ake auna ƙaho, a haɗa tsawo da kauri da faɗi a fitar da maki. Wanda ya kai inci 170 ya shiga babban kundin Boone and Crockett, ana ce masa "Booner". Ƙungiyar 'yan baka ta Pope and Young, wadda aka kafa a 1961, tana karɓa daga inci 125. Wanda wani manomi, Milo Hanson, ya harba a Saskatchewan ta Kanada a 1993 ya haura inci 213. Ku duba da kyau: "hart" mai rassa goma na fadar Ingila ne ya dawo, sai dai yanzu lamba ake ba shi a madadin suna.

Kuma abin yana da illa. Barewar da ta kusa ƙarewa yau ana kiyasta ta kai miliyan 30. Tana cinye tsiron daji da gonaki, kuma motoci na karo da ita fiye da sau miliyan a shekara. Hanyar rage yawanta ita ce harbin mata, amma kakanni sun koya wa jikoki cewa harbin mace abin kunya ne, yaren ma yabon ƙaho yake yi. Wisconsin ta taɓa kawo tsarin "Earn-a-Buck" a 1996: sai ka harbi marar ƙaho kafin a ba ka izinin namiji. Mafarauta suka yi ta ƙorafi har aka soke shi a 2011. Dokar da aka yi don ceton barewa ta gama aikinta tuntuni, amma ɗabi'ar da ta dasa a bakin mutane ta ƙi tashi.

A nan za mu dasa aya. Masu iyaye ko kakanni mafarauta, ku tambaye su sunayen da suke kiran namun dawa da su, da kalmomin da ba a faɗa sai a daji, ku rubuto mana kafin su tafi da masu su. Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.