Kaifin turare: daga ina ya samo asali?

Idan aka ce wuƙa na da kaifi, kowa ya gane. To turare fa? Masu sana'ar haɗa turare sukan ce wani ƙamshi kaifi gare shi, mu kuma mukan ce yana shiga hanci, ko yana hawa kai. Ina ganin ya kamata mu iyaye da malamai mu rarrabe wa yara abubuwa uku da suke cakuɗawa: kaifin turare, ƙarfinsa, da daɗewarsa a jiki. Tarihin turaren ne zai taimaka mana.

Turaren mutanen dā hayaƙi ne ko mai. Misirawa na ƙona lubban da mur, Indiyawa na da sandal, Larabawa na da almiski da ambar. A ƙarni na 9, a Bagadaza, malami Al-Kindi ya rubuta littafin da ya ƙunshi hanyoyin haɗa turare fiye da 100. Mai yana riƙe ƙamshi ne, yana sakinsa kaɗan-kaɗan. Shi ya sa irin wannan turare yake da nauyi da sanyi, kamar turaren wutar da uwayenmu ke zubawa a kasko, wanda kan kwana a tufafi ba tare da ya soki hanci ba.

Kaifi ya samu gindin zama ne da Turawa suka riƙa narkar da ƙamshi cikin alkol. A 1709, a birnin Kolon na Jamus, aka kafa gidan turaren Farina, inda wani ɗan Italiya, Johann Maria Farina, ya shahara da ruwan turaren da ya haɗa da man ɓawon lemu iri-iri. Alkol da man lemu duka masu saurin tashi ne, sai su iso hanci lokaci guda, cikin gaggawa. Wannan bugun farko shi ake kira kaifi.

A 1921, a Faransa, Ernest Beaux ya haɗa Chanel No. 5, ya zuba masa sinadaran aldehid da yawa fiye da yadda aka saba. Ƙamshinsu na kama da na sabulu, ko na kyandir da aka hure yanzu. Daga nan mutane da dama suka soma ɗaukar kaifi a matsayin alamar tsabta da zamani. Amma shekara guda kafin haka, a 1920, kamfanin W. J. Bush na Ingila ya fito da Bint el Sudan, turaren mai marar alkol, wanda ya karɓu daga Sudan har ƙasar Hausa. Hanyoyin nan biyu suna nan tare a kasuwanninmu har yau.

Kimiyya ta ƙara mana bayani. Ban da jijiyar shaƙar ƙamshi, akwai wata jijiyar fuska da ke jin yajin tonka, sanyin na'a-na'a da raɗaɗin albasa. Turare mai kaifi yana taɓa ta, shi ya sa wani kan yi atishawa, wani idonsa ya kawo ruwa.

Ke nan kaifi ba ya nuna tsada, ba ya nuna daɗewa. Abin da ya yi saurin tashi shi ke saurin gushewa. Saurayin da ya kwashe kuɗinsa ya sayi kwalba don ta buge shi a shago, sau da yawa kafin azahar ya neme ta ya rasa. Shawarata ita ce a koya musu su ɗiga kaɗan a hannu, su jira kamar rabin awa, sannan su shinshina abin da ya rage. A kuma tuna musu cewa a aji mai cunkoso, lokacin zafi, fesa mai kaifi na iya tayar wa mai asma ciwonsa.